Shekara shida a bencin gaba: yadda na samu makarantar da ta karɓi Auta

Cikin wata guda mata uku suka tare ni da tambaya iri ɗaya, biyu a rumfata ta atamfa a Kejetia, ɗaya a wajen suna a Aboabo. "Hajiya, makarantar da kika sa Auta ya take? In kai nawa?" Ta farko ɗanta ba ya ji sosai. Ta biyu 'yarta zabiya ce, ba ta ganin allo daga nesa. Ta uku jikanta ya kai shekara bakwai magana ba ta zauna masa ba. Amsar ta fi ƙarfin a ba da ita a tsaye ana auna yadi, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan kama sunan makarantar ba, domin akwai inda zan faɗi laifi, kuma ba malaman da ke cikinta yau ne suka jawo shi duka ba. Firamare ce ta gwamnati a ɗaya daga zangunanmu na Kumasi.

In maki ake so, ga shi. Shekara biyu na farko, biyar cikin biyar, ba ragi. Shekarun tsakiya, biyu, kuma da ƙyar na ba da biyun. Yau, uku da rabi. Gini ɗaya ne, allo ɗaya, ƙararrawa ɗaya. Abin da ya hau ya sauka shi ne kulawar.

Auta tana shekara uku sanƙarau ya kama ta. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ciwon ya tafi da jinta mai yawa. Mun daɗe ba mu gane ba, ana ta cewa taurin kai ne irin na 'yan auta. Sai ranar da murfin babbar tukunya ya faɗi a bayanta, duk tsakar gida aka zabura, ita ko waiwaye. A asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, aka auna kunnen. Na dama kusan babu, na hagu da saura, kuma aka ce na'urar ji za ta taimaka. Babanta ya so a kai ta Jamasi, makarantar kurame ta yankin Asanti, inda ake kwana ana karatu da yaren hannu. Kakarta ta ce yarinya 'yar shekara shida ba za ta kwana nesa da ɗakin uwarta ba. Ni kuma abin da na duba shi ne Auta tana da sauran ji, kuma tana magana. Da ba ta ji ko kaɗan, wallahi da Jamasi na kai ta, domin yaron da yaren hannu ne harshensa yana bukatar mutanen da suka iya shi, su kewaye shi safe da yamma.

Makarantun kuɗi biyu muka fara zuwa. Duk ba wanda ya ce mana "ba ma so". Ɗaya ta ce aji ya cika, ɗaya ta ce mu dawo in kunnen ya warke. A watan Satumba na 2018 na shiga ofishin shugabar wannan makaranta, gabana na faɗuwa, na fara da ban haƙuri kamar mai neman bashi. Dattijuwa ce 'yar Asanti mai farin tabarau. Ta dakatar da ni ta ce, "Maame, ba alfarma kika zo nema ba." Ita ta fara gaya mini akwai dokar naƙasassu, mai lamba 715 ta shekarar 2006, wadda ta hana makaranta ƙin karɓar yaro saboda naƙasa kawai, sai in ma'aikatar ilimi ta auna shi ta ga lallai makaranta ta musamman yake bukata. Ta ce kuma tun 2015 Ghana take da tsari a rubuce cewa yara masu bukata ta musamman su yi karatu tare da sauran yara a makarantar unguwarsu, makaranta ce za ta gyara kanta don yaro. Daga baya na ji an fara gwada abin tun wajen 2003 a yankunan Accra, Gabas da Tsakiya, kafin ya iso gare mu.

Zuciyar hidimar a lokacin mace ɗaya ce. Malamar tallafi ce da ta karanta fannin koyar da yara masu bukata ta musamman a jami'ar Winneba. Ba a makarantar take zaune ba, makarantu da yawa take zagayawa, namu rabon ranar Talata ne, har yara suka sa mata Madam Talata. Ranar farko ta shiga aji ɗaya, yara sama da 60, ta tsaya tana kallon ɗakin kamar mai shirin sayensa. Ta ɗauke Auta daga jikin tagar da ke kallon titi, inda pragya da aboboya, baburan nan masu ƙafa uku, ke wucewa ba ƙaƙƙautawa, ta mai da ita bencin gaba ta hannun dama, yadda kunnenta na hagu zai fuskanci malama da sauran aji. Ta ce wa malamar ajin abu uku kawai: kada ki yi magana kina fuskantar allo, kada ki tsaya haske na bayanki fuskarki ta yi duhu, kuma in yaro ya ba da amsa daga baya ki maimaita ta. Ba kwamfuta, ba kayan waje. Na yi mamakin yadda abu mara tsada haka ya buɗe wa yarinyar karatu.

Akwai wani gwaji da ta koya mana, ni da malamar, wanda har yau ba mu daina ba. Da safe in an sa na'urar, sai in rufe bakina da murfin littafi in ce "aa", "uu", "ii", "sh", "s", "mm", Auta tana maimaitawa. In ta kasa kama "s" da "sh", to batir ya yi sanyi ko kakin kunne ya toshe bututun. Minti ɗaya ne, amma shi ke raba ranar da yarinya ta yi karatu da ranar da ta wuni tana kallon baki na motsi. Ita ta nuna mini in na ɓare takardar da ke manne a bayan batir in jira kamar minti guda kafin in sa, da dare kuma in buɗe ƙofar batir ɗin in ajiye na'urar cikin kwalba mai 'ya'yan tsotse danshi, saboda damunar Kumasi ba ta barin komai a bushe. Ta ce in na ji na'urar ta fara fito, kunne ne ya girma robar ciki ta yi masa kaɗan, a je a sake aunawa.

Sai littafi. Littafin rubutu ne na yara, mai bangon ruwan ƙasa, da ke tafiya a jakar Auta. Malama ta rubuta sababbin kalmomin mako, ni in rubuta abin da na gani a gida, Madam Talata ta duba duka ranar Talata. Na ɗauke shi ƙaramin abu a lokacin.

Inda na fi jinjina mata shi ne maganar harshe, don ita ta fara lura da nauyin da muka ɗora wa yarinyar ba mu sani ba. Auta tana karanta leɓe. A gida Hausa take karantawa a bakinmu. A filin wasa da ƙananan azuzuwa Twi ne, harshen Asanti. A littafi Turanci. Asabar da Lahadi a makarantar addini, Larabci. Harshe huɗu a kan kunne ɗaya da rabin ji! Ɗan Zango mai lafiyar kunne yana tsintar waɗannan a hanya ba tare da ya san ya koya ba, amma ita kowace kalma sai an ɗauko an miƙa mata. Madam ba ta ce mu bar Hausa ba, kamar yadda wasu suka ba ni shawara. Cewa ta yi in riƙe Hausa da ƙarfi, kowace kalmar Turanci da ta zo a littafin in ba ta ita da Hausa tukuna, da abin a hannu in zai yiwu. Haka muka koyi sunayen launuka da atamfofin rumfata, muka koyi rabi da kwata da tsinin almakashi. Ita kanta Madam ta koyi "zauna", "duba nan", "kin gane?" da "madalla", tana faɗa da karin harshenta, Auta na dariya.

Na ɗauki wannan darasi na kai wa malaminsu na makarantar Asabar da Lahadi. Na ce, "Malam, a taimaka a sa ta gaba, kuma in za a biya mata a sauke rawani daga baki." Ya yi shiru, ya ce, "Hajiya, shekara talatin ina karantarwa, ban taɓa tunanin rawanina zai tare wa wani karatu ba." Tun ranar yake zaunar da ita gabansa, ya biya mata ita kaɗai kafin hayaniyar hadda ta tashi.

Akwai kuma ɗan ɗaki da wata ƙungiya mai zaman kanta ta gyara, da tabarma, katunan hotuna, allon gwajin ido da manyan haruffa. Ita ce ta zuba gangaren siminti a bakin azuzuwa saboda keken guragu. Yara tara ne muke da su a lokacin masu zuwa ɗakin.

Daga nan abubuwa suka fara zamewa, kuma ba rana ɗaya ba. Korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, ƙananan azuzuwa ba su koma ba sai Janairun 2021. Da aka koma kowa da takunkumi a baki, wato an rufe wa Auta rabin jinta. Madam Talata ta samo wa malamar ajin marufin fuska na roba mai nuna baki, aka ɗan lallaɓa. Cikin shekarar aka yi wa Madam Talata taransifa zuwa wata gunduma, ba a turo kowa a madadinta ba. Ba a jima ba shugabar ta cika shekara 60 ta yi ritaya. Aikin ƙungiyar nan ma wa'adinsa ya ƙare, suka yi taro, aka ɗauki hoto, suka tafi. Wata rana na leƙa ɗan ɗakin na tarar da buhunan shinkafar abincin yara da karyayyun bencina a ciki. Takardun yaranmu tara suna cikin kabad a bayan buhunan, an kulle, makullin kuma ba wanda ya san hannun da yake.

Ranar da ba zan manta ba, Auta tana aji huɗu. Ta dawo gida ba na'ura a kunne, ido ya kumbura, ta ƙi cin abinci. Ƙawarta da suke benci ɗaya tun aji ɗaya ce ta biyo ta ta ba ni labari. Sabon malami ne, saurayi mai hidimar ƙasa. Ya jera yara bisa tsawo, Auta doguwa ce, ta koma layin ƙarshe. Ana ruwa a kan kwanon rufi, na'urar ta fara fito, yara suka yi dariya, ya zaci abin jin waƙa ne ta saƙala, ya cire ya jefa a aljihun teburinsa. Ƙawar ta ɗaga hannu za ta yi bayani, ya ce ta yi shiru. Da asuba na shirya, ban buɗe rumfa ba ranar. Na tafi da faɗa cike da bakina, amma da na ajiye masa littattafan nan masu ruwan ƙasa guda uku a kan tebur ya fara buɗawa, sai na ga hannunsa na rawa. Ya ce, "Mma, ki yafe mini, wallahi ba wanda ya gaya mini." Na yarda da shi. Mako biyu ke nan da zuwansa, an miƙa masa rajista da alli, an nuna masa ƙofar aji. A rajistar sunan Auta yana nan kamar na kowa, ba ko ɗigo a gefensa.

A nan ne na gane inda ɗakin ke yoyo. Duk alherin da muka gani a kan mutum biyu yake tsaye, da suka tafi ya bi su. Ba mugunta aka yi mana ba. Makaranta wuri ne da malamai ke shiga suna fita kowace shekara, kuma ba a taɓa zama an ce in wannan ta tafi wa zai ɗauka ba. An horar da malamai a taron kwana biyu ko uku lokacin da abin ke tashe, rabinsu yau suna wasu garuruwa. Wanda ya zo bayansu daga fari yake farawa, a kan yaranmu.

Wanda ya fi ba ni ciwo ba Auta ba ce. Wani yaro ne mai keke, kaifin ƙwaƙwalwa gare shi a lissafi. Ruwan sama ya cinye ƙasar gindin gangaren nan har bakinsa ya zama matakala, sai yayansa ya ɗaga keken kullum. Ban-ɗaki kuwa tun asali ƙofarsa ba ta shigar keke, ga tudu a bakinta. Yaron ya riƙa ƙin shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama shi. Da yayan ya gama aji shida ya wuce, shi ma ya daina zuwa. Dokar 2006 ta ba gine-ginen jama'a shekara goma su gyara yadda naƙasasshe zai shiga, wa'adin ya cika tun 2016. Buhun siminti biyu da yashi sun isa gyaran gangaren. Mun yi jinkiri, mu iyaye da makarantar duka, har yaron ya zauna a gida. Yanzu an gyara gangaren, ban-ɗakin yana nan yadda yake, kuma shi ne babban dalilin da ya sa ba zan ba makarantar huɗu ba.

Farfaɗowar ba daga sama ta zo ba. Mu bakwai iyaye mata muka fara haɗuwa Lahadin ƙarshen wata a zauren ɗaya daga cikinmu. Muka kafa ɗan adashi na batir, kuɗin mota zuwa asibiti da gilashin ido. A taron PTA na miƙe, ƙafata na rawa, na ba da labarin na'urar da aka jefa a aljihun tebur ba tare da na kama sunan malamin ba. Sabon hedimasta da farko ya ce ba shi da ma'aikaci ba shi da kuɗi, kuma gaskiya ya faɗa. Muka ce ba kuɗi muka zo nema ba. Abu uku muka roƙa. A fasa kabad ɗin nan a fito da takardu. Kowane yaro a yi masa shafi ɗaya, a manna a cikin bangon rajistar ajinsa: ga abin da ke damunsa, ga inda zai zauna, ga abin da ba a yi masa. Sannan makon farko na kowace shekara, tsohon malami da sabo da uwa su zauna minti goma sha biyar a miƙa yaro hannu da hannu.

Allah ya haɗa mu da malamar aji biyu, wadda ta yi shekaru tana kallon aikin Madam Talata kuma ba a taɓa ɗaga ta daga makarantar ba. Ita ta ce za ta riƙe abin, ba ƙarin albashi. Ba gwana ba ce kamar waccan, ita ma ta faɗa da bakinta. Ba ta iya auna yaro ba, in abu ya fi ƙarfinta sai ta rubuta takarda a kai asibiti ko ofishin ilimi. Amma kullum tana nan, Litinin zuwa Juma'a, kuma duk sabon malamin da ya zo sai ta zaunar da shi. Malamin nan mai hidimar ƙasa, kafin ya gama shekararsa, shi ya rubuta shafukan yara biyar da hannunsa. Tsorona ɗaya, kuma na gaya wa hedimasta a gaban kowa: ita ma mutum ɗaya ce. Na roƙa a haɗa ta da wani malami ya riƙa koyo. An ce to, har yanzu ban ga an yi ba.

Abin da bai taɓa zamewa ba duk tsawon shekarun nan, yaran ne. Waɗanda suka taso da Auta tun aji ɗaya ba sa kiranta daga baya, sai su taɓa kafaɗarta. In malami ya juya wa aji baya yana magana, za ka ji murya daga tsakiya, "Sir, ba ta ganin bakinka." Ba wanda ya sa su. Bencin gaba na hannun dama kuwa ko baƙon yaro ya zauna, su za su tashe shi.

To, ga amsata ga matan nan uku. Mai ɗa da ba ya ji sosai, ki fara kai shi a auna, ki san ko da saura ko babu, don a kan wannan za ki zaɓi makarantar unguwa ko Jamasi. In da saura, ki kawo shi nan, amma ki shirya zuwa da ƙafarki kowane farkon shekara. Mai 'ya zabiya, ke kin fi kowa sauƙi: bencin gaba nesa da hasken taga, rubutu manya, hula mai faɗi da riga mai dogon hannu, kuma ki roƙa a ɗauke mata tsayuwar rana a taron safe. Sun yi wa wata haka, na gani. Mai jika da magana ba ta zauna ba, ke ba zan ruɗe ki ba. Tun da babu malamar tallafi, aji mai yara 60 zai iya haɗiye shi shiru, ya shekara yana zaune ba abin da ya shiga. Ki nemi a auna shi tukuna, ki kuma je ki ga makarantar Garden City da ke Asokore Mampong, wadda aka yi don yara masu jinkirin fahimta, ki kwatanta da idonki. Dukanku ku je ofishin jin daɗin jama'a na asambilin gundumarku ku yi rajistar yaran, domin akwai wani kaso na asusun bai-ɗaya na gundumomi da aka ware wa naƙasassu, ana iya neman taimakon karatu ko na kayan aiki daga ciki.

Kuma duk makarantar da kuka shiga, kada gangaren siminti da allon sanarwa su ɗauke muku hankali. Ku tambayi hedimasta wane malami ne ke riƙe da yaran nan, shekara nawa ya yi a wurin, in aka ɗauke shi gobe wa zai karɓa. Ku ce a nuna muku ban-ɗaki.

Auta tana gama aji shida bana. Karatun Turancinta ya yi kyau, lissafi tsaka-tsaki, rubutun shifta har yanzu yana ba ta wuya saboda ƙarshen kalmomi na ɓace mata. Gaba sai ƙaramar sakandare, inda malami ɗaya ba ya riƙe aji, kowane darasi da mai shi, wato baki takwas ko tara za ta koyi karantawa, ga jarrabawar BECE na jira bayan shekara uku. Littattafan masu ruwan ƙasa sun zama bakwai, na ɗaure su da ƙyallen atamfa. Ranar Litinin mai zuwa zan kai su wurin shugaban can, malamar aji biyu ta ce za ta nemi izinin awa ɗaya ta raka ni.